Sifar “Cinematic” a Bakin ’Yan Fim ɗin Hausa: Ma’anarta da Yadda Ake Amfani da Ita

Tsakure

Wannan takarda ta dubi sifar Ingilishi “cinematic”, wadda ta zama ruwan dare a bakin matasan daraktoci da masu ɗaukar hoto da masu sharhin finafinan Hausa. An bi asalinta da ma’anoninta biyu a harshen da ya haife ta, da yadda abin da take nunawa ya riƙa sauyawa duk lokacin da kayan aiki suka sauya. Daga nan aka duba zamanta a jimlar Hausa, da dalilin da ya sa “na silima” ba ya ɗaukar yabon da ita take ɗauka. Matsayin takardar shi ne an ƙuntata kalmar a kan kwalliyar hoto, alhali ma’anarta mai amfani ga mai shirya fim ita ce hoto ya ɗauki nauyin labari, kuma kunya da kawaici irin na Bahaushe sun tanadi kayan wannan aiki tun kafin kyamara ta iso ƙasar.

1.0 Gabatarwa

Duk mai bin tallan sababbin finafinan Hausa a YouTube da Facebook da Instagram ya san wata kalmar Ingilishi da ta ƙi barin bakin mutane. Darakta zai ce fim ɗinsa mai zuwa “cinematic” ne. Mai ɗaukar biki a Abuja zai rubuta ta a tallarsa don amarya ta san ba irin ɗaukar da aka yi wa yayarta za a yi mata ba. Mai sharhi kuwa, in yana so ya yi wa Kannywood kuɗin goro, sai ya ce finafinanta ba su da wannan abu. Da ita ake yabo, da ita ake duka, amma da wuya ka ji wanda ya tsaya ya faɗi abin da yake nufi.

An rubuta wannan takarda ne da mai kallo irin na Yangoji a zuciya. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Kwali, a kan babbar hanyar Abuja zuwa Lokoja, yankin da Gbagyi da Bassa da Ganagana da Fulani da Hausawa ke cuɗanya, Hausa kuma tana cikin harsunan da ake ciniki da su. Manyan gidajen silima na babban birnin tarayya, irin Silverbird da ke Jabi da Genesis da ke Ceddi Plaza, suna can cikin birni, sai an yi doguwar tafiya an biya kuɗin mota kafin a zo ga kuɗin tikiti. Mai kallon Yangoji a waya yake kallonsa, ko a talabijin in an kawo wuta. Tambayar ita ce: me sifar da aka ciro daga sunan babban allo za ta amfana wa wanda allonsa bai fi tafin hannunsa ba?

2.0 Asalin kalmar da ma’anoninta a Ingilishi

Tushen kalmar Girkanci ne, “kinema”, wato motsi. A 1834 masanin kimiyyar nan na Faransa, André-Marie Ampère, ya yi amfani da wannan tushe ya raɗa wa fannin nazarin motsin abubuwa suna. Bayan shekara sittin da ’yan kai, ’yan’uwan nan biyu Auguste da Louis Lumière suka kira na’urarsu “cinématographe”, ma’ana mai rubuta motsi, suka kuma nuna finafinansu ga ’yan kallo masu biyan kuɗi a Grand Café da ke Paris ranar 28 ga Disamba, 1895. Bakin mutane ya gutsure dogon sunan ya bar “cinéma”, Ingilishi ya ara, sannan ya ƙera masa sifa da ɗafa-ƙeyar da yake yi wa sunayen Girkanci masu ƙarewa da “-ma”, kamar yadda “drama” ta haifi “dramatic”.

Sifar tana aiki biyu a Ingilishi, kuma rashin bambance su shi ne rabin rikicin. Aiki na farko nuna dangantaka ne kawai: abin da ya shafi fim. Da kamfanin Marvel ya kira jerin finafinansa da suka fara da Iron Man a 2008 “Marvel Cinematic Universe”, ba yabon kansa ya yi ba. Yana raba labarin da ke cikin finafinai ne da wanda ke cikin littattafansa na zane. A wannan ma’ana babu daraja-daraja, ko dai abu ya shafi fim ko bai shafa ba.

Aiki na biyu hukunci ne. Bature zai ce wani littafin ƙagaggen labari “cinematic” ne, ko wani kiɗa, ko wasan kwamfuta, ko faɗuwar rana a bayan duwatsu, yana nufin abin ya sa shi jin irin abin da yake ji a gaban babban allo: faɗi, girma, motsi, cikar ido. A nan kalmar tana karɓar ƙari da ragi, wani abu ya fi wani. Inda abin ya fi ban sha’awa shi ne lokacin da aka jingina ta ga fim kansa. A ma’anar farko wannan maimaici ne marar amfani, domin kowane fim ya shafi fim. Sai dai mai maganar yana da’awar cewa wasu finafinan sun fi wasu zama fim. Irin wannan da’awa ce Martin Scorsese ya yi a 2019 lokacin da ya ce finafinan Marvel ba su cancanci sunan silima ba, aka yi ta cacar baki wata da watanni. Kamfanin da ya sa sifar a sunan jerin finafinansa, shi aka hana wa sunan da ta fito daga ciki.

Akwai kuma ɗan bambanci tsakanin Ingila da Amurka da ya kamata a sani. A Ingila “cinema” sunan ginin da ake zuwa kallo ne, kalma ce ta yau da kullum. Ba’amurke “movie” yake cewa, saboda haka in ya ɗauko “cinema” to yana nufin fim a matsayin fasaha mai martaba. Ƙamshin Amurka ne ya fi bin sifar zuwa wurinmu, ta hanyar darussan ɗaukar hoto da matasanmu ke kallo a intanet.

3.0 Ma’aunin da bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba

In aka tambayi tarihi wane irin hoto ne ya cancanci wannan sifa, amsa ɗaya ba za ta fito ba.

A zamanin finafinai marasa magana, abokin hamayyar fim shi ne dandamalin wasan kwaikwayo. Masana irin su Sergei Eisenstein na Rasha, mai fim ɗin Battleship Potemkin na 1925, sun ga cewa abin da fim ke iya yi wanda dandamali ba ya iyawa shi ne yanka da haɗi: a jera hoton fuska, a biyo da hoton bindiga, a biyo da na keken jariri yana gangarowa matakala, ma’ana ta tashi daga gwamuwarsu. Da magana ta shigo fim a ƙarshen shekarun 1920, wasu masanan, cikinsu har da Rudolf Arnheim na Jamus, sun ɗauke ta koma-baya, wai baki zai kashe ido.

Bayan yaƙin duniya na biyu André Bazin na Faransa ya juya zancen. A wurinsa ƙwarewa ita ce a bar kyamara ta daɗe ba a yanka ba, komai ya fito ras tun daga gaban hoto har ƙuryarsa, mai kallo ya zaɓi inda zai kai ido. Babban misalinsa shi ne Citizen Kane na Orson Welles, 1941, inda mai ɗaukar hoto Gregg Toland ya sha wahalar fitilu da gilasan kyamara don na kusa da na nesa su fito tare. Sai talabijin ta shiga gidajen Amurka ta fara kwashe ’yan kallo, kamfanoni suka mayar da martani da faɗi: a 1953 aka fito da CinemaScope a fim ɗin The Robe, allo ya kusa ninka faɗinsa. Daga nan faɗin hoto ya shiga ma’anar kalmar. Da bidiyo ya zo, sai ma’aunin ya koma kan yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa: fim 24, talabijin 25 ko 30 da santsinta na daban. Ido ya saba da 24 har ta kai da Peter Jackson ya fitar da The Hobbit a 2012 da hoto 48 a daƙiƙa, wanda a lissafi ya fi tsabta, masu kallo da yawa suka ce ya yi musu kama da wasan talabijin.

Ma’anar da ta iso Kano da Kaduna da Abuja ita ce ta baya-bayan nan. A 2008 Canon ya fitar da kyamarar 5D Mark II, wadda ke ɗaukar bidiyo da gilasan kyamarar hoto, fuska ta fito, baya ya yi dishi-dishi, a kan kuɗin da ƙaramin furodusa zai iya nema. A 2021 kuma Apple ya sa wa iPhone 13 wani maɓalli mai suna “Cinematic”, aikinsa ya dusashe bayan hoto da lissafin kwamfuta. A lura da nisan tafiyar. Abin da Toland ya yi gumi don ya kawar, shi waya take gumi don ta samar, kuma sifa ɗaya ake yaba su da ita. Abin da bai sauya ba shi ne kullum kalmar tana nuna abin da abokin hamayya mai araha bai iya yi ba tukuna. Da zarar ya iya, sai ta ƙaura.

4.0 Zamanta a jimlar Hausa, da matsalar “na silima”

Sifofin Hausa na asali ba su da yawa: babba, ƙarami, dogo, gajere, sabo, tsoho, fari, baƙi, ja da ’yan’uwansu. Sauran siffantawa da “mai” da “masu” da “marar” ake yi, ko da “na” da “ta”, ko a ɗauko aikatau “yi” a haɗa da sunan hali: ya yi kyau, ta yi tsada. Ta wannan ƙofa ta ƙarshe baƙuwar tamu ta shigo. Abin da ake ji a lokeshan da ɗakin tace fim shi ne “hoton ya yi cinematic” ko “bai yi ba”. Ba ta karɓar jinsi, ba ta karɓar jam’i, ba ta kuma samu hausancewa irin wadda “fim” da “darakta” da “furodusa” suka samu ba. Har yanzu baƙuwa ce mai zama a zaure.

Me ya hana a ce “na silima” a huta? A nahawu babu abin da ya hana. “Sinima” ta daɗe da zama ’yar gida, har ta koma “silima” a bakin mutane da yawa ta hanyar musayar “n” da “l” irin wadda ta ba mu “lamba”. Amma “na silima” ma’anar dangantaka kaɗai yake ɗauka, yabon ya zube a hanya. Dalilin kuwa yana cikin tarihin ginin da ake kira silima a ƙasar Hausa.

Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya bi diddigin wannan tarihi a Kano. Sunayen farko da mutane suka ba hoto mai motsi sun haɗa da “dodon bango” da “majigi”. Gidan silima na Rex da aka buɗe a 1937 a wajen ganuwa yake, ɓangaren baƙi da bariki. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gidan silima na El Duniya ya kama da wuta, fiye da mutum 300 suka rasu, mutanen gari da dama kuma suka fassara gobarar a matsayin hukunci a kan masu zuwa irin wannan wuri. Lokacin da aka gina Palace a cikin birni, sai da aka kai ruwa rana da masu adawa. Duk da cikar da Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba suka riƙa yi a zamanin finafinan Indiya, matar aure ba ta zuwa, kuma a ce yaro ya saba da silima ba shaida ce da ake kai wa gidan surukai ba. Da aka ƙaddamar da shari’a a Kano a 2000 an rufe gidajen na wani lokaci, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai. Ko a 2016 shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji ya rushe ne saboda adawar malamai da jama’a.

Kalmar da ke ɗauke da wannan kaya ba za ta zama lambar yabo cikin sauƙi ba. Ina ganin wannan na cikin abin da ya sa matashin darakta ya gwammace ya bar sifar da Ingilishinta: tana ba shi martabar babban allo ba tare da ƙurar da ke jikin ginin ba.

Mai kallo kuwa yana da nasa kalmomin. In fim ya burge shi zai ce ya yi ma’ana, akwai darasi, ya tsaru, ya haɗu, an kashe kuɗi, hoto ya fita tangaran. Na farkon suna auna saƙo, na ƙarshen suna auna tsabtar hoto da nauyin aljihu. Tsakanin saƙo da tsabta akwai fili guda da ba a raɗa wa suna ba, wato aikin da hoto ke yi wajen isar da saƙon.

5.0 Yadda baki ya rigayi ido

Ba haka kawai filin ya zauna babu suna ba. Fim ɗin da talakan Arewa ya fara gani a ƙofar fada ko filin makaranta shi ne majigi, motar gwamnati mai allo da mai fassara. Jagoran wannan aiki, William Sellers, jami’in kiwon lafiya ne a Nijeriya kafin ya shugabanci sashen finafinan mulkin mallaka da aka kafa a 1939. Ra’ayinsa shi ne wai ɗan Afirka da bai yi boko ba ba zai gane dabarun kyamara ba, don haka a rage yanka, a hana kyamara yawo, a nuna komai a hankali daga farko har ƙarshe, mai lasifika ya yi bayani. Wato da gangan aka cire duk abin da Eisenstein ke kira zuciyar fim. Wannan raini ne tsagwaronsa, kuma mutanen da aka raina ɗin su ne ’ya’yansu suka cika Plaza suna bin labarin Mother India ba tare da jin kalma ɗaya ta Indiyanci ba.

Gado na biyu shi ne wasan kwaikwayon rediyo da talabijin. Samanja da Kasimu Yero da Karkuzu gwanaye ne na gaske, amma gwanintarsu a harshe take: habaici, ba’a, karin magana, iya zance. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano da suka koma bidiyo, kamar Tumbin Giwa da ta fitar da Turmin Danya a 1990, daga wannan makaranta suka fito, da kyamarar kaset irin ta ɗaukar biki da suna. Kasuwar Ƙofar Wambai kuma ta koya wa furodusa cewa a gama da wuri a raba fim kashi biyu ko uku. Ba abin da ya kai zance araha: a zaunar da mutum biyu a falo, a kunna kyamara, minti goma sun samu.

Akwai wani reshe da ya bi hanyar babban allo tun da wuri. Adamu Halilu ya mayar da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Umar, fim a 1976. Sadiq Ɓalewa ya yi Ƙasarmu Ce a 1991. A Nijar kuma Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Sai dai waɗannan ba su shiga kasuwar kaset yadda matasan Kano za su koya daga gare su ba. Shehu Umar sai da aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018 sannan da yawa daga masu nazari suka samu ganinsa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne, wurin da daraktan Kannywood ya fara sakin kyamara shi ne wurin waƙa da rawa. Tun daga Sangaya a 1999, a nan ne ake yanka hoto bisa kiɗa, a sauya wuri da tufafi cikin ƙiftawar ido, a bar launi da motsi su yi aiki. Ɓangaren da ya fi shan suka daga malamai da masana, shi ne ya fi kusa da ma’aunin farko na sifar da muke magana a kai, wato yanka da haɗi.

Yau hoto ya gyaru ƙwarai. Finafinai masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa’in na tashar Arewa24, da Labarina na Aminu Saira, sun ɗaga matsayin haske da sauti. The Milkmaid na Desmond Ovbiagele a 2020 da Mai Martaba na Prince Daniel a 2024, duka da Hausa aka yi su, su ne Nijeriya ta tura gasar Oscar a shekarunsu. Amma a ƙasa da waɗannan akwai tarin finafinan da suka ɗauki sifar a matsayin jerin kayan ado: jirgi marar matuƙi ya zagaya saman gari kafin kowace fitowa, jarumi ya fito daga mota a hankali kamar ba zai taka ƙasa ba, a shafa wa hoto launin shuɗi da ruwan lemo har fatar mutane ta sauya, a sa baƙin layi sama da ƙasa. Ana gama wannan sai a koma falo, mutum biyu a kan kujera, ɗaya yana ba ɗaya labarin abin da ya kamata a ce mun gani da idonmu.

6.0 Kunya da kawaici a gaban kyamara

Gwajin da nake ba ɗalibai mai sauƙi ne: a kashe sauti, a kalli fitowa ɗaya, a faɗi abin da aka fahimta. Wa ya fi wa ƙarfi a ɗakin? Wa ke ɓoye wani abu? In ba a gane komai ba sai da magana, to hoton rakiya ya yi.

Abin mamaki shi ne rayuwar Bahaushe cike take da zancen da ba a yi da baki. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan miji. Suruki zai tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa. Wanda ke kan kujera da wanda ke kan tabarma da wanda ya tsaya a bakin ƙofa, kowa wurin zamansa ya faɗi matsayinsa. Zaure iyaka ne, labule iyaka ne, kuma wanda ya ƙetare su ya yi magana ko bai buɗe baki ba. Budurwar da ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi ta ba da amsa. Al’ummar da ta ɗauki faɗin abin da ke zuci ƙarara a matsayin rashin ta-ido, ita ce finafinanta suka fi kowa faɗin komai da baki.

A ɗauki fitowar da kowa ya gani sau ba adadi: maigida zai gaya wa uwargida zai ƙara aure. Yadda aka saba, za ta miƙe ta yi jawabin minti biyar tana lissafa wahalar da ta sha da shi. A wata hanyar kuwa, tana kwasar tuwo ya faɗa. Mara ta tsaya a hannunta. Ta ce, “Allah ya sanya alheri, Malam.” Ta ci gaba da kwasa, sai dai malmalar da ta sa a kwanonsa ta fita a karkace, ta kuma manta ba ta rufe tukunya ba. Kyamara ba ta bar hannunta ba. Duk macen da ke kallo ta ji abin da ba a faɗa ba, kuma kuɗin ɗaukar bai kai na tayar da jirgi sama ba.

Wasu sun riga mu bin wannan hanya. Yasujiro Ozu na Japan, mai Tokyo Story na 1953, yakan sauke kyamara daidai idon mutumin da ke zaune a kan tabarma, saboda a nan rayuwar gidan Japan take; mu kuwa sau da yawa a tsaye muke ɗaukar mutanen da ke zaune a ƙasa, mu leƙo su daga sama kamar baƙi. Sidney Lumet ya yi 12 Angry Men a 1957 kusan duka a ɗaki ɗaya, yana sauya gilashin kyamara sannu a hankali har bango ya zama kamar yana matso mutanen, wanda ke nuna falo ba shi ne laifi ba. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Iran. Bayan juyin 1979 an hana namiji da mace taɓa juna a fim, kamar yadda dokar tacewa ta hana a Kano. Daraktocinsu suka mayar da hanin makaranta, suka koyi nuna shaƙuwa da rabuwa da kallo da tazara da ƙofa a rufe. Abbas Kiarostami ya ci babbar kyautar Cannes a 1997, A Separation na Asghar Farhadi ya ci Oscar a 2012.

Mutanen yankin Yangoji ba sa bukatar a je da su nesa. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, a 1954. Ta karɓi sabuwar ƙasar gini da ruwan ƙyalli da murhu mai zafin gaske, amma siffar tulun da zanen ƙadangare da kunama da kifi na gida ne. Da ƙyallin kaɗai ta ɗauko, da ba wanda ya san sunanta a London.

7.0 Allon waya

Saura tambayar da aka fara da ita. Hoton da aka yi wa faɗin CinemaScope, in ya sauka a wayar da ba ta wuce inci shida ba, baƙin layi ya cinye sama da ƙasa, mahayin dokin da ke can nesa ya koma ɗigo. Fitowar dare da aka ɗauka da ɗan haske don ta yi armashi, in mai tura finafinai a kasuwa ya matse ta don ta shiga memori, ko mai kallo ya rage ingancin YouTube don data ta kai shi, sai ta dagule ta zama baƙin tabo. Yawancin kayan adon da ake kira da wannan sifa don ɗaki mai duhu da allo mai faɗin bango aka ƙirƙire su, kuma su ne suka fara mutuwa a hanyar Yangoji.

Abin da ke isa lafiya shi ne fuska da hannu da yanka mai ma’ana. Carl Dreyer ya gina fim ɗinsa na Joan of Arc a 1928 kusan duka a kan fuskoki, kuma ba ya rasa ƙarfinsa a ƙaramin allo. Sauti ma yana isa, musamman ga mai sa abin kunne: kiran salla daga nesa, lugude, kukan janareton maƙwabta, shirun da ke biyo bayan an ɗauke wuta. Waɗannan suna gina wuri a kan mai kallo fiye da kiɗan fiyano da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kowace magana.

Shawarata ga masu koyarwa, a Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos ko a sassan jami’o’inmu, da masu sharhi a mujallar Fim da jaridu, ita ce a raba kalmar gida biyu in ana magana da Hausa. Haske da launi da dusashewar baya da jirgin sama a kira su kwalliyar hoto. Abu ne mai kyau, ana sayensa, ana kuma hayarsa. Aikin da hoto ke yi wajen ɗaukar labari a kira shi maganar hoto. Wannan na biyun yana shiga nahawunmu ba tare da tilas ba: hoton ya yi magana, hoton bai ce komai ba, hoton ya ƙaryata bakin jaruma. Yana kuma tilasta wa mai sharhi ya kawo hujja, domin duk wanda ya ce hoto ya yi magana, za a tambaye shi a wace fitowa, kuma me ya ce.